Kankare, mota ko tauraron gaske: me ya kamata a ɗora wa sabuwar roka a tashin farko?

Da zarar an ce wani kamfani ya gama haɗa sabuwar roka zai harba ta karon farko, tun kafin ranar tazo hasashe ya cika gari, wannan yace mota za'a saka mata kamar yadda Elon Musk yayi, wancan yace ai kayan leƙen asirin soja ne shi yasa sukayi gum, wani kuma yace ku daina wahalar da kanku ba komai a ciki sai dunƙulen ƙarfe. Mu ma nan Legas musun baya wuce mu, wajen mai shayi a Agege bayan isha'i zakaji yaranmu masu gyaran waya a Computer Village sun kama zancen da direbobin manyan motoci har shayi ya huce. Ni dai ina ɗaukar musun nan da muhimmanci saboda tambayar zata iya zuwa har ƙofar gidanmu. Najeriya tana da tauraron ɗan adam tun 2003 da aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha, ɗalibanmu sun taɓa haɗa nasu ƙarami, kuma cibiyar hukumar sararin samaniya ta ƙasa NASRDA mai binciken injin roka a Epe take, cikin jihar Legas ɗinnan. To in gobe wani kamfani yazo yace ga sabuwar rokarmu ku kawo kayanku mu kai muku sama da araha ko ma kyauta, a karɓa ne ko ace musu Allah ya kai lafiya?

Me yasa ma dole sai an ɗora wani abu, a harba ta fanko mana? Wani dattijo direban tirela da yake sauke kaya a Mile 12 ne ya ba wani yaro amsar nan, kuma banji wanda ya fishi bayani ba. Yaron yace Baba ai tunda gwaji ne gara ta tafi ba kaya kada ayi asara, sai dattijon ya ajiye kofinsa yace masa ɗana, in bakanike ya sauke min inji yayi masa aiki ya mayar, motar da ba kaya kowane hawa zata hau lafiya lau, sai ka loda mata zakaji inda take tari, amma duk gaggawata bazan loda shanun mutane ko kwandunan tumatir a tafiyar farko ba, yashi nake lodawa ko bulo in zaga in dawo. Roka ma da nauyi a ka aka tsara ta, yadda take girgiza, yadda take ƙara gudu sanda mai yake ƙarewa a cikinta, yadda murfin hancinta yake rabewa gida biyu ya faɗi, yadda take sakin kaya a ƙarshe, duk injiniyoyi basa samun lissafin gaskiya sai da nauyi. Saboda haka dole a saka wani abu, rigimar kawai a kan menene abun.

Mafi tsufa kuma mafi kwanciyar hankali shine nauyin bogi, ƙarfe ko kankare ko ma ruwa. A 1962 Amurkawa da suke gwada rokar Saturn I sun cika sassanta na sama da ruwa wajen tan 86, da takai tsawon kilomita 105 suka fasa da gangan ruwan ya bazu ya zama gajimaren ƙanƙara. SpaceX, kamfanin Elon Musk, ma da rokarsu ta farko Falcon 1 ta faɗi sau uku a jere, a tashi na huɗu ranar 28 ga Satumba 2008 wani dunƙulen alminiyam mai kilo 165 suka saka mai suna RatSat, kuma a wannan karon ne ta shiga falaki, wato hanyar da tauraro yake bi yana zaga duniya. Amfaninsa a fili yake, in ta fashe roka kawai aka rasa, ba wanda zai zauna yana kukan aikin shekara goma, kuma bazaka jira kowa ba, ƙarfe baya cewa batirinsa ya mutu ko ba'a gama gwada shi ba. A Oktoba 2024 da rokar Vulcan zatayi tashi na biyu jirgin da aka tsara zata ɗauka bai shirya ba, sai kawai suka saka nauyin bogi suka tafi.

Aibinsa shine kuɗi. Ka ƙona roka ta miliyoyin daloli ba wanda ya biyaka ko sisi, ƙaramin kamfani da yake neman na albashi wannan ba ƙaramin ciwo bane. Kuma ƙarfe zalla bebe ne, sai an liƙa masa na'urorin aune aune sannan zai faɗa maka irin jijjiga da zafi da ƙarar da kayan gaske zasu sha. Shi yasa in jirgin na ɗaukar mutane ne ake zaunar da mutum-mutumi cike da na'urori a kujera, Tarayyar Sobiyet tayi haka a Maris 1961 kafin tafiyar Yuri Gagarin, mutum na farko da ya je sararin samaniya, har sai da suka rubuta masa alama a fuska cewa ba mutum bane don kada ƙauyawan da zasu tsince shi su firgita, NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ma tayi haka a Artemis I, tafiyar gwaji ta zaga duniyar wata, cikin Nuwamba 2022. To wannan nauyin bogi ne mai magana, kuma a wajena shine ma'aunin da za'a gwada sauran dashi.

Yanzu ga wanda yafi jan rai, wato a ɗora tauraron gaske. Anan ne arahar take, kuma anan ne hawaye suka fi zuba. Ku duba Ariane 5 ta Turai. Ranar 4 ga Yuni 1996 aka harba ta karon farko daga Kuru a Giyana ta Faransa, ɗauke da taurari huɗu na bincike masu suna Cluster waɗanda masana suka shafe wajen shekara goma suna haɗawa don nazarin yadda iskar rana take bugun garkuwar maganaɗisun duniya. An basu kujerar ne kyauta saboda tashin gwaji ne. Cikin daƙiƙa 40 rokar ta karkace ta wargaje, ɓaraguzan suka zube cikin fadamar bakin teku aka riƙa tsintarsu cikin taɓo. Kuma abun da zai baka takaici ba inji bane ya lalace, manhajar kwamfuta ce da aka ɗauko daga tsohuwar Ariane 4 aka dasa a sabuwa, ita sabuwar tana gudu ta gefe fiye da tsohuwar, sai wata lamba tayi girman da ma'ajiyarta bazata iya ɗauka ba, kwamfutar farko da ta ko ta kwana duk suka tsaya saboda manhaja iri ɗaya ce a cikinsu. Wannan shine irin kuskuren da ba'a ganinsa a ƙasa sai an tashi, kuma dalilin tashin gwaji kenan tun farko. Sai da aka sake ƙera taurarin aka harba su a shekarar 2000, da wace roka? Da Soyuz ta Rasha wadda ta riga ta tashi sau ɗaruruwa.

Kada wani yace ai wancan zamanin da ne. A 7 ga Maris 2023 Japan ta harba sabuwar rokarta H3 da tauraron ɗaukar hoton ƙasa ALOS-3 mai nauyin wajen tan 3, injin sashe na biyu yaƙi kamawa, dole aka aika mata umarnin ta tarwatse da tauraron a kanta. Da zasu sake gwadawa a Fabrairu 2024 sai suka sauke ALOS-4 da aka tsara zai hau, suka saka nauyin bogi da wasu ƙananan taurari biyu, ta tafi lafiya, sannan a tashi na uku cikin Yuli 2024 aka ɗora ALOS-4 ɗin ya isa. Ita kuwa Delta III ta kamfanin Boeing juya lissafin tayi, 1998 ta tarwatse da tauraron sadarwa na kwastoma, 1999 ta ajiye wani a inda ba nan aka aike ta ba, sai a 2000 aka saka mata na bogi, lokacin kasuwa ta riga ta watse, bata sake tashi ba.

Gaskiya ba kullum ake asara ba. Vulcan a tashinta na farko 8 ga Janairu 2024 ta ɗauki jirgin Peregrine mai niyyar sauka a wata kuma ita rokar tayi aikinta tsaf, jirgin ne da kansa ya samu yoyon mai daga baya. Amma ko rokar bata fashe ba akwai wata masifar da masu hasashe basa lissafawa, wato jira. Sabuwar roka bata san alƙawari ba, ace watan gobe ya koma baɗi. NASA ta tsara tura wasu ƙananan jirage biyu zuwa duniyar Mas a tashin farko na rokar New Glenn ta kamfanin Blue Origin, da taga rokar bazata shirya a kan lokaci ba a 2024 sai ta janye su, New Glenn ta tashi a Janairu 2025 da kayan gwajin kamfanin kansa. Sai kuma inshora, wannan mu 'yan Najeriya mun ɗanɗana amfaninta, tauraronmu na sadarwa NigComSat-1 da aka harba daga Sin a 2007 ya mutu a 2008 saboda matsalar faifan hasken rana, inshorar da akayi masa ce ta taimaka aka samu NigComSat-1R a Disamba 2011. Su kuma masu inshora in sukaji ance roka bata taɓa tashi ba ko su tsawwala kuɗi ko su ƙi gaba ɗaya, kaga arahar da ake maka kwaɗayi da ita ta tafi a nan.

Sai na uku, kayan jan ido, wanda shine yake haddasa yawancin hasashen nan. A Disamba 2010 SpaceX ta saka wani abu a jirgin Dragon taƙi faɗa wa kowa sai da ya dawo, ashe ƙaton dunƙulen cuku ne. A Janairu 2018 Rocket Lab ta ɓoye wata ƙwallo mai walƙiya a rokarta Electron, sai da ta shiga falaki aka sanar, masana taurari sukayi ta ƙorafi cewa ana ɓata musu sama, bata fi wata biyu ba ta faɗo ta ƙone. Har ayabar wasa an rataya a cikin Starship, ƙatuwar rokar SpaceX, a Nuwamba 2024. Amma uban su duka shine jar motar nan.

A Disamba 2017 Musk ya sanar cewa motarsa Tesla Roadster zai ɗora wa sabuwar rokarsa Falcon Heavy, mutane da yawa suka ɗauka wasa yake, kuma shi da kansa ya riga ya faɗa cewa akwai yiwuwar rokar bazata kai falaki ba, in dai tayi nisa bata lalata dandalin harbawa ba ma zai gode. Ranar 6 ga Fabrairu 2018 ta tashi daga cibiyar harba roka ta Kennedy a jihar Florida da injina 27 suna ci lokaci ɗaya, sassan gefe biyu suka dawo suka sauka a tsaye kusan tare, na tsakiya ya kuskure jirgin ruwan da zai sauka a kai ya faɗa teku. Can sama kuma murfi ya buɗe sai ga mota ba rufi, mutum-mutumi sanye da farin kayan 'yan sama jannati a kujerar direba, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a kan ƙofa, duniya shuɗiya tana juyawa a bayansa, mutum sama da miliyan 2 suna kallo kai tsaye a YouTube. Na san masu cewa almubazzaranci ne, kuma na fahimci zafin, mutumin da yake tura baro a Alaba Rago yaji ance an jefa mota sama dole ransa ya sosu. Amma in za'ayi adalci motar nan nauyin bogi ce da akayi wa kwalliya, nauyinta bai kai tan ɗaya da rabi ba alhali rokar zata iya ɗaga sama da tan 60 zuwa falakin kusa, kuma kuɗinta ba komai bane kusa da kuɗin rokar. Gwajin gaske a ƙarƙashinta yake, sashen sama ya shafe wajen awa 6 yana shawagi cikin yankin da ke da tururin radiyeshin sannan ya sake kunna inji, abun da sojan saman Amurka suke son gani kenan kafin su basu aiki. Wato ba wanda ya rasa aikin shekara goma, kuma duniya duka ta san sunan rokar a dare ɗaya.

Inda nake da ja da wannan zaɓin shine bayan an gama tafi abun yana nan yana yawo. Motar har yau tana zaga rana, tana ƙetare hanyar Mas ta dawo, a Janairu 2025 har an yi mata rijista a matsayin sabon dutsen sama mai wucewa kusa da duniya kafin a gane ita ce a soke. Kuma talla irin wannan sau ɗaya take ci, kamfani na biyu da zai harba mota ba wanda zai bar shayinsa ya kalla. Akwai kuma masu biya a saka tokar gawar 'yan uwansu, anyi a Falcon 1 ta uku da ta faɗi a 2008, anyi a Vulcan inda za'a kai tokar duniyar wata har ƙabilar Nabaho ta Amurka ta nuna rashin yarda saboda wata abu ne mai tsarki a wajensu, wannan kam mu musulmi ba hanyarmu bace bana ma saka shi a lissafi.

Su kuma masu cewa makami ake ɓoyewa, ba daga sama suka tsinci maganar ba. A Mayu 1987 Sobiyet ta harba ƙatuwar rokarta Energia karon farko da wani baƙin abu mai tan 80 da ake kira Polyus, samfurin tashar yaƙi ta sama ne, rokar tayi aiki amma shi ya juya ba daidai ba ya faɗa tekun Fasifik. Sai dai yau lissafin ya canza, rundunar sararin samaniyar Amurka bata ba roka kayanta masu tsada sai ta ga ta tashi lafiya, Vulcan sai da tayi tashi biyu kafin a amince mata. Don haka in kaji kamfani yayi shiru a kan abun da zai ɗora, kafi kusa da gaskiya in kace ƙarfe ne ko wani abun talla, domin kwastoma mai biyan kuɗi baya ɓuya, shi da kansa zai riƙa shela, kuma tauraro mai aiki sai an nema masa lasisin mitar rediyo wanda takardunsa suke fitowa fili.

Zaɓi na huɗu shine wanda yafi shafarmu, ƙananan taurarin ɗalibai, irin ɗan akwatin nan mai santimita 10 kowane gefe da nauyin wajen kilo ɗaya. Sabbin rokoki suna son su saboda basu da nauyi kuma suna jawo farin jini. Labarinsu akwai daɗi akwai ɗaci. Falcon 1 ta farko a Maris 2006 ta ɗauki tauraron da ɗaliban makarantar sojan sama ta Amurka suka haɗa, rokar ta kama da wuta ta faɗi kusa da inda ta tashi, tauraron ya fasa rufin wani shago a tsibirin ya faɗo ƙasa. A Agusta 2022 Indiya ta gwada sabuwar rokarta SSLV da tauraron da 'yan mata 750 na makarantun gwamnati sukayi aiki a kai, aka sake shi a falakin da bazai zauna ba ya ƙone, amma cikin wata shida, Fabrairu 2023, sun sake haɗa wani an harba ya isa. Ariane 6 kuma a Yuli 2024 ta saki na jami'o'in Turai lafiya. Bambancin wannan da Cluster shine abun da ake nema wajen ɗalibi ilimin haɗawa ne, kuma ilimin yana kansa ko roka ta fashe.

Namu NigeriaEduSat-1 na jami'ar fasaha ta Akure da haɗin gwiwar wata jami'ar Japan ta tsohuwar hanya yabi, rokar Falcon 9 ta SpaceX ta kaishi tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a Yuni 2017 aka sake shi daga can. Yanzu ma akwai hanyar haɗaka inda taurari da yawa suke raba kuɗin roka ɗaya da ta saba tashi, a Janairu 2021 Falcon 9 ɗaya ta kwashi 143, farashin da suka fara dashi dala miliyan 1 ne kan kilo 200, kuma akwai dillalai masu yanka wajen ƙanana ƙanana su sayar. Da canjin dala na yanzu ko ɗan ƙaramin waje nauyi ne ga sashen jami'a, shi yasa kyautar sabuwar roka take da daraja a wajenmu fiye da wajen Bature.

To ga inda na tsaya. In tauraron ƙasa ne da aka kashe biliyoyin naira, na sadarwa ko na duba gonaki da ambaliya da dazukan da 'yan bindiga suke ɓuya, wlh ko kyauta aka bamu har da ƙarin goro kada a ɗora shi a tashin farko, na biyu ma a dakata, a bari ta tashi lafiya sau uku ko huɗu sannan ayi magana, kuma da inshora. In kai ne mai rokar, ƙarfe mai na'urori ya isheka, in kana son ka rataya masa wani abun da mutane zasu kalla ba laifi matuƙar zai dawo ya ƙone ba ya zama shara a sama ba. In kuma ƙannenmu ne a jami'a aka musu tayin kujera kyauta, ni ina ganin su karɓa, amma da sharaɗi, su haɗa guda biyu iri ɗaya ɗaya ya tafi ɗaya ya zauna a ɗakin gwaji, kada digirin kowa ya rataya a kan sai abun ya isa sama, sannan kafin a sa hannu su tambayi kamfanin wata nawa tauraron zai zauna a rufe cikin roka kuma za'a barsu su yi masa caji ko a'a, domin a Artemis I ƙananan taurari 10 ne aka saka tun 2021 rokar bata tashi ba sai ƙarshen 2022, wasu ba'a samu damar yi musu caji ba, kuma akwai waɗanda aka saki lafiya amma ba'a taɓa jin ɗuriyarsu ba.